Katin da Na Ba Likita

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na sauka lafiya. Ɗakin da na kama a hawa na uku yake, gado ɗaya, kujera ɗaya, taga mai kallon bayan wani gini. Matar da ke kula da masaukin ta miƙo hannu wai in ba ta katina ta shiga ciki ta cire kuɗin ajiya. Na ce ta kawo na'urar nan gabana. Ta harare ni, ta kawo. Shekara ashirin da huɗu na yi a teburin kati a banki kafin in ajiye aiki, ban taɓa barin katina ya ɓace wa idona ba, ba kuwa yau za a fara ba.

Bari in rubuta abin da ya kawo ni, don in kaina ya juye in sami inda zan duba. Mako bakwai ke nan 'yata ba ta ɗauki wayata ba. Likita muke ce mata tun tana 'yar shekara shida, tun kafin ta zo ƙasar nan karatun likitancin. Makaranta sun ce sun cire sunanta tun zangon da ya wuce. Ɗakin da take haya wani ne a ciki. Layinta a kashe. Abu ɗaya ya rage tsakanina da ita: katin da na ba ta ranar da za ta taho, kati na biyu a kan asusuna. Kullum da safe, bakwai da minti arba'in ko kusa da haka, alat, saƙon banki na an cire kuɗi, yana shigowa wayata. Shago ɗaya, kuɗi kaɗan, kullum iri ɗaya. Yau ma ya shigo ina cikin motar da ta ɗauko ni daga filin jirgi. Wato tana raye, kuma yau gari ɗaya muke.

Maganar da muka yi da ita ranar Juma'ar nan ta ƙarshe, ba zan rubuta ta ba.

Litinin, bayan la'asar

Malam, maigidana, ya kira. Gwiwarsa ta hana shi biyo ni, ya zauna gida da waya a hannu. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi masauki ba. Cewa ya yi, "Ta ci?"

Na ce, "Ta ci."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kashe.

Talata, 4 ga wata, azahar

'Yan sanda sun ba ni kujera da ruwa, sun saurare ni har ƙarshe. Jami'in ya ce yarinya mai shekara ashirin da huɗu ba yarinya ba ce, kuma wanda ke sayayya kullum da safe bai ɓata ba. Ya ce, "Wataƙila ba ta son a same ta ne, uwa. Wani abu ya shiga tsakaninku?" Na ce babu. Ya dube ni, ya rufe fayil ɗinsa a hankali. Wallahi da ya daka mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na kira Manaja, na bankinmu na gida. Ni na koya masa aiki lokacin da ko ƙirga kuɗi bai iya ba sai ya lashi yatsa, yanzu shi ne da ofis mai labule da furfura a gemu. Na ce ya nemo mini reshen da ake goga katin. Ai sunan kamfanin shagon kawai alat ke nunawa, kamfanin kuwa reshe talatin da ɗaya gare shi a garin nan, na ƙirga a taswira.

Ya ce, "Anti, kin fi ni sani. Bankin can ne ke riƙe da adireshin na'ura. Ba za su bayar ba sai an shigar da ƙarar sata, in kuwa aka shigar, rufe katin za a fara yi."

Na ce, "To kada ka kuskura."

Sai ya ce, "Anti, in kwastoma ce ta zo miki da wannan labarin, mako bakwai mai kati ba labari amma kati na aiki, me za ki ce mata?"

Na ce, "Zan ce ta rufe yanzu-yanzu kafin ta tashi daga kujera. Amma ni ba kwastoma ba ce, uwa ce. Kuma wane sakaran ɓarawo ne zai saci kati ya riƙa sayen abu ɗaya kullum kamar mai shan magani?"

Ya ce Allah ya ba da sa'a. Yaron kirki ne, bakinsa ne dai ya fara tsawo.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na shiga reshen da ke kusa da masauki, na bi kanta-kanta da takarda da biro ina haɗa farashi. Ƙaramin burodi da ƙaramar madara. Su ne suka ba da adadin cif, ko kwabo bai ragu ba. Na tsaya gaban firjin madarar ina kallo har wani ya ce in matsa. Ƙaramin burodin nan tafin hannuna ya fi shi. Yarinyar da nake dura wa abinci tana ture hannuna, shi take ci ta wuni.

Alhamis, 6 ga wata, bakwai da minti hamsin na safe

Ya shigo.

Alhamis, azahar

Na gano wani abu. Na sayi ruwa kwalba ɗaya da katina na cirar kuɗi, wanda ke kan asusu ɗaya da nata. Alat ya zo, sai ga lamba shida a ƙarshen sunan shagon. Na koma na biya a wajen wata kashiyar, huɗun farko ba su canza ba, biyun ƙarshe ne suka canza. Wato huɗun farko lambar reshe ce. Na buɗe alat ɗin Likita duka, tun na makon farko: 4417, kullum 4417.

To ai shi ke nan. In na sayi ruwa a kowane reshe, ranar da na ga 4417 na zo wurinta. Na gwada da katin bashi, wanda shi ya kamata in riƙa yawo da shi, in wani abu ya same shi asusuna na gefe. Nasa alat ɗin ba ya kawo lamba. Na tambayi kashiya ko ta san lambar, ta ce ita rasit kawai ta sani, na duba rasit babu. Dole sai da katin asusun.

Na san hatsarin. Ɓarawon kati da ƙananan sayayya yake fara gwaji, nan da can, na'urar banki kuwa abin da take fako ke nan. Sau nawa na zaunar da matafiya ina yi musu wannan karatun? Uku a rana, da tazara, ba za ta kula ba. Uku a rana, kwana goma na gama. Bizata wata guda ce, jirgina ran 27. Akwai lokaci in na yi haƙuri, ni kuwa an san ni da tsari.

Asabar, 8 ga wata, magariba

Reshe tara. Babu. Na'urar wani reshen ta tambaye ni ko in biya da kuɗin gida ko da na nan. Na danna na nan ko tunani ban yi ba, ai canjin da na'ura ke yi wa mutum yanka ne. Sai na ji dariya ta kama ni, ni kaɗai a layi. Ina tattalin kwabo a kan kwalbar ruwa, 'yata kuwa ban san inda take kwana ba.

Lahadi, 9 ga wata, safe

Ya shigo, bakwai da minti talatin da takwas. Ko Lahadi ba ta hutawa. Aiki take yi ke nan? Wane iri?

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kwalaben ruwa sun jeru a ƙarƙashin taga, matar masauki ta ce ko famfon ɗakin ya lalace ne. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce to ko sayarwa zan yi. Na ce in ta matsa zan fara da ita. Ta yi dariya ta kawo mini shayi. Ashe tana da kirki, fuskar ce dai Allah bai ba ta ba.

Ƙafafuna sun kumbura. Ina hawa bas in sauka, in hau jirgin ƙasa in sauka, kowane reshe da fitilunsa farare da kwandunansa ja, duk kamanninsu ɗaya. Duk doguwar yarinya mai gilashi da na hango sai gabana ya faɗi. Yau na bi wata har bakin tasha, ta juyo, ba ita ba ce, ta rungume jakarta. Ni ce yau ake rungume wa jaka.

Malam ya ce, "Ta ci?" Na ce ta ci. Ya ce, "In kin gan ta, don Allah kada ki fara da faɗa." Na ce wa ya ce masa faɗa zan yi. Ya ce, "Ba wanda ya ce."

Yana zaune a falo ranar Juma'ar nan. Ya ji komai, bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Laraba, 12 ga wata, azahar

Reshe ashirin ba ɗaya. Saura goma sha biyu. Babu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe takwas da rabi na safe

Bai shigo ba. Na kashe wayar na kunna. Na fita baranda na ɗaga ta sama kamar mai neman layi a ƙauye. Na duba asusu, lafiyarsa ƙalau.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Ya shigo sha ɗaya da kwata, amma ba shagon ba ne. Kantin magani ne, sunan a gutsure, haruffa uku kawai, kuɗin ya ninka na burodi sau tara. Maganin me? Tun tana ƙarama ƙirjinta ba ya son sanyi, garin nan kuwa sanyinsa har cikin ƙashi. Wa zai dafa mata ruwan zafi? Wa zai san ta kwanta in ta kwanta?

Reshe ɗaya na iya zuwa yau, ƙafata ta ƙi. Saura sha ɗaya. Uku a rana kwana huɗu ke nan. Ba ni da kwana huɗu.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai da minti hamsin na safe

Burodi da madara. Alhamdu lillahi ta tashi. Amma na riga na yi magana da mai tasi, zai zaga da ni duka sha ɗayan yau.

Na sani. Kada littafin nan ya ce ban sani ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Na shiga uku.

A reshe na bakwai na'ura ta yi ƙara ta ƙi. Kashiya ta ce in sake, na sake, ta ƙi. Kafin in kai ƙofa saƙo ya shigo: an dakatar da asusun saboda sayayya mai kama da ta sata. Asusun, ba katina kaɗai ba. Duk katin da ke kansa.

Na kira Manaja a cikin tasi. Ya ce, "Anti, bakwai a awa uku? Ke?"

Na ce, "Buɗe mini."

Ya ce, "Ba a hannuna yake ba, ya tafi sashen bincike, sun tashi. Sai Litinin, kuma sai kin cike takarda kin sa hannu."

Na ce, "Takardar banza! Ni ce mai asusun, ga muryata kana ji."

Ya ce, "Anti, ke kika ce murya ba sa hannu ba ce. Har a bango kika manna mana."

Na zage shi. Mutum mai 'ya'ya huɗu, na zage shi kamar ɗan cikina. Na biya mai tasi da katin bashi, shi yana aiki lafiya lau. Ni ba abin da ya same ni. Ina da katin bashi a jaka, ina da tsabar kuɗi ɗinke a cikin rigar sanyi, duk yadda nake koya wa mutane. Ita kati ɗaya gare ta.

Asabar, 15 ga wata, bakwai da minti arba'in da ɗaya

An ƙi biya. 4417.

Bakwai da arba'in da biyu. An ƙi biya.

Tana tsaye a gaban kashiya yanzu, mutane a bayanta.

Asabar, azahar

Na je sauran rassa huɗun da ƙafa da bas, na nuna hotonta. Biyu sun ce ba su san ta ba, ɗaya ya ce ba a yarda su yi maganar masu sayayya ba, na huɗun ma'aikatan safe sun tashi. Lambar reshe kuwa ba wanda ya san ta, ni kuma ba ni da katin da zai nuna mini.

Malam ya ce, "Ta ci?"

Na ce, "Ta ci."

Allah na tuba.

Lahadi, 16 ga wata, safe

Na yi sammako na tsaya a reshen da ma'aikatan safe suka tashi jiya. Bakwai da arba'in alat ya shigo ina kallon kashiyoyi uku. An ƙi biya. Ba kowa gabansu sai wani tsoho da kwandon lemo. Ba nan ba ne.

Sau ɗaya ta gwada yau.

Lahadi, la'asar

To, bari in rubuta rabi. Ranar Juma'ar nan da ta ce mini an cire ta, na ce abubuwa da yawa. Na ambaci filin da muka sayar. Na ambaci mutanen da ke ce mini Maman Likita a unguwa. Daga ƙarshe na ce zan rufe katin, ta ga yadda duniya take. Ta ce, "To, Mama." Ita ke nan, "To, Mama."

Ban rufe ba. Wallahi ko kusa da shi ban je ba, mako tara ina zuba kuɗi a asusun. Amma ita ina za ta sani? Abin da ta sani, na ce zan yi, jiya kuma na'ura ta ƙi ta.

Sauran abin da na faɗa ya fi wannan muni, shi ba zan rubuta ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Matar masauki ta buga mini takardar a ofishinta, na sa hannu, na ɗauki hoto na tura. An buɗe asusun ƙarfe biyu da rabi. Na kira Manaja na ba shi haƙuri. Ya ce, "Haba Anti, ai kin saba." Ya ce tunda an riga an buɗe fayil ɗin bincike, ya roƙi bankin can adireshin 4417, wataƙila su bayar cikin kwana uku.

Da safe ba ta gwada ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

Shiru. Katin a buɗe yake, Likita. Gwada sau ɗaya kawai.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe tara na safe

Shiru. Na tsaya a ɗaya daga cikin ukun da suka rage, da katin asusu a jaka, na kasa fito da shi. Tsoronsa nake ji yanzu kamar wuta.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Manaja ya turo adireshin. Ba ya cikin talatin da ɗayan nan sam. Ƙaramin reshe ne a cikin ginin babban asibitin garin, a hawan ƙasa, shi ya sa taswira ba ta nuna shi ba. Da na ƙare sha ɗayan nan duka ranar Juma'a, da ban same shi ba.

Asibiti. Kwance take, ko aiki take?

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ƙarfe bakwai ina bakin shagon. Kashiya ɗaya ce, dattijuwa sa'ata, gilashi rataye a wuya. Na jira layi ya ƙare na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Ke ce uwar."

Na ce ni ce.

Ta ce yarinyar ba kwance take ba. Kamfanin da ke share ɗakunan asibitin take yi wa aiki, takan sauka da safe da rigar aikin, ta sayi burodi da madara, ta zauna a bencin da ke kallon ƙofar da ɗaliban likita ke shiga, ta ci, ta tafi. Kullum a bencin nan. Makon jiya tari ya dame ta.

Na ce, "Ranar Asabar fa?"

Ta ce, "Kati ya ƙi. Na ce ta ɗauka ta biya gobe, ta ƙi, ta mayar da kayan inda ta ɗauko. Lahadi ma haka. Na ce mata ta kira bankinta, irin wannan na faruwa kullum, kuskuren na'ura ne. Ta ce a'a, ba kuskure ba ne. Ta ce, mahaifiyata in ta ce za ta yi abu, tana yi. Ta ma yi haƙuri da ni da yawa."

Sai ta jawo aljihun tebur ta fito da katin. Ta ce a kan teburin biya yarinyar ta bar shi ranar Lahadi, ta kira ta ba ta juyo ba. Ƙa'ida ta ce ta karya shi bayan kwana uku, ta kasa.

Na karɓa. Gefensa duk ya goge. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji matar tana ɗaga ni.

Juma'a, la'asar

Ofishin kamfanin sharar a bayan asibitin yake, kusa da inda ake tara kwandunan wanki. Shugabar ma'aikatan ta ce ta ajiye aiki ranar Litinin, ta karɓi kuɗin kwanakinta. Adireshi ba za su bayar ba, lambar waya ba za su bayar ba. Na ce ni uwarta ce. Ta ce ta gani, kamanninmu sun isa shaida, amma doka ce. Na so in yi mata masifa, sai na tuna mutum nawa na faɗa wa "doka ce" ina zaune a kujera mai juyawa.

Asabar, 22 ga wata, safe

Ina kan bencin. Ɗalibai na wucewa da fararen riguna, suna dariya. Daga nan ana ganinsu sosai.

Lahadi, 23 ga wata, azahar

Na faɗa wa Malam. Duka, har da ƙaryar kwana takwas. Na jira ya yi faɗa, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Sai kawai ya ce, "Ke kin ci?" Na kashe wayar don kada ya ji.

Litinin, 24 ga wata, safe

Benci. Kashiya ta kawo mini shayi, ta ƙi karɓar kuɗi. Ba ta zo ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe sha biyu

Alat ya shigo ina kan bencin. Na kusa yar da wayar.

Ba cira ba ce, shiga ce. An turo kuɗi asusuna ta wani kamfanin aika kuɗi, daga garin nan. Ba sai na ɗauki biro ba, kaina ya saba: duk abin da ta ci tun ranar Juma'ar nan, har da na magani. A wurin bayani an rubuta, "Kuɗin burodi. Na gode Mama."

Albashin shara ta kwashe ta biya ni.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba, ko ranar da aka binne mahaifiyata.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe goma na safe

Gobe jirgi. Na haɗa kaya, na bar wa matar masauki ruwanta.

Na kira Manaja na ce ya samo mini inda aka turo kuɗin. Ya ce da tsaba aka biya a wani ofishin kamfanin, ba asusu, ba adireshi. Na ce to. Na kusa kashe wayar. Sai aikin ya dawo mini kai.

Na ce, "In mai asusu ya ƙi karɓa fa?"

Ya ce, "Sai kuɗin su koma kamfanin, su aika wa mai turowa saƙo a lambar da ya ba su ya zo ya karɓa." Ya ƙara da cewa, "Da dalilin ƙin karɓar, Anti."

Na ce, "Gurbin dalilin nan harafi nawa yake ci?"

Ya ce, "Talatin. Amma Anti, ki yi tunani. In ta ga an mayar mata da kuɗi, tana iya ɗauka ko kuɗinta ma ba kya so. Kuma ba kowa ke karanta saƙon har ƙarshe ba."

Na ce na sani, ya ba ni minti goma.

Na rubuta "Ba ni na rufe katin ba", na soke, ai hannuna ne ya jawo. Na rubuta "Banki ne, kuskure ne", na soke, wannan kare kai ne. Na fara "Babanki ba shi da lafiya", na ji kunyar kaina. Ranar Juma'ar nan na yi magana ta fi minti ashirin ban tsaya shan numfashi ba, yau harafi talatin aka ba ni.

Sauran abin da na ƙi rubutawa, ga shi. Na ce mata in ba da takardar likita za ta dawo ba, kada ta taka mini gida.

Na kira shi na karanta masa. Ya ce in maimaita a hankali yana bugawa. Sannan ya karanto mini: "Dawo gida ko ba takarda. Mama." Ya ce saƙon ya shiga, saura gurbi ɗaya.

Ya ce, "In na danna, ba a dawo da shi. In tura?"

Na ce, "Tura."

Alat ya shigo, kuɗin sun fita. Kamfanin yakan ajiye su kwana casa'in. Katin kuwa na mayar wa kashiyar asibitin, na roƙe ta kada ta karya shi, ta ce ba za ta karya ba. Mai tasi zai zo ƙarfe shida na safe.